Wa Ke Zaɓar Tambayar? Ciwon Suga a Gawu Babangida da Kasuwar Bincike

 Hujjar wannan takarda guda ce: duniya ta kashe dukiya mai yawa kan binciken ciwon suga, amma tambayoyin da aka biya kuɗi aka amsa ba su ne ke hana mai ciwon barci a Gawu ko Lambata ba, alhali nasa tambayoyin masu araha ne, ana iya amsa su a nan Jihar Neja.

A ƙiyasin Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya na 2021, manya miliyan 537 ne ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan ba su san suna ɗauke da shi ba. Daga dala biliyan 966 da aka kashe kan ciwon a shekarar, kason yankinmu bai kai biyu cikin ɗari ba. Inda kuɗi suka taru, can bincike ke karkata. Masanan Toronto da suka gano insulin a 1921 sun sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya kowannensu. Yau kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, ke riƙe da kusan kashi 90 na kasuwarsa. A 2023 Novo Nordisk ya zama kamfani mafi daraja a Turai albarkacin allurai irin su Ozempic. A wannan shekarar ce darajar naira ta faɗi, kuɗin magani ya tashi a kowane kamis, Sanofi kuma ya sanar da miƙa harkarsa ta Najeriya ga dillalai.

Mu ɗauki ajiyar insulin, domin a nan gibin ya fi fitowa fili. Umarnin kamfani shi ne a sa kwalbar a firij, idan an buɗe kuma kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30. Wanda ya san bazarar Gurara, ƙaramar hukumar da Gawu da Lambata ke ciki, ya kuma san halin wutar lantarki a ƙauyukanta, ya san wannan umarni ba da shi ake ba. An yi shekaru kusan ɗari kafin a gwada batun yadda ya kamata: a 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka buga sakamakon da ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya. Kafin nan, a 2016, an gwada tukwanen ƙasa a Khartoum, aka ga suna rage zafi sosai. Dabarar ba baƙuwa ba ce a gare mu, tunda Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya karɓi lambar Rolex a 2000 kan tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Sai dai sanyin randa daga tsatsafowar ruwa da bushewarsa yake zuwa, kuma iskar daminar Gurara ta fi ta Khartoum laima nesa ba kusa ba. Digiri nawa tukunyar Gwari ke ragewa a watan Afrilu, nawa a Agusta? A ƙasar maginiyar tukwane Ladi Kwali, inda Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a Suleja, amsar ba ta bukatar fiye da ma'aunin zafi da ɗalibi mai haƙuri na shekara guda. Kamfani ba zai biya ba, don ba a mallakar randa.

Gwajin jini ma haka yake. Ana dogaro da HbA1c don sanin yadda suga ya kasance cikin wata uku, amma binciken da mujallar JAMA ta buga a 2017 kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna gwajin na iya nuna ƙasa da gaskiya ga masu jinin AS, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Babban binciken azumi da ciwon suga na 2004, EPIDIAR, ya ratsa ƙasashe 13 ba tare da ko ɗaya daga Afirka ta Yamma ba. Sai a 2025 aka amince a hukumance da nau'i na biyar na ciwon suga, wanda ke kama ramammun matasa da suka tashi cikin yunwa, mutanen da aka daɗe ana yi wa magani da ma'aunin wasu nau'o'in ciwon. Shawarar abinci kuwa, a ce wa manomin doya ya bar doya da tuwon dawa ya koma alkama, ba tare da an gaya masa malmala nawa ba, ko yadda zai yi ranar da zai wuni yana huɗa, wahala ce kawai aka ɗora wa aljihunsa.

Za a ce bincike almubazzaranci ne a inda ƙwayar metformin ma ke gagarar talaka, a fara kawo magani tukuna. Ƙorafin yana da ƙarfi, sai dai kwalbar da aka zubar don tsoron ta lalace asara ce, haka ma ƙafar da aka yanke a Bida ko Gwagwalada don ba a duba ƙaramin miki da wuri ba. Binciken da nake nufi shi ke rage irin wannan ɓarna. Za a kuma ce sababbin magunguna suna yin araha daga baya su iso kowa. Insulin ya haura shekara ɗari, amma a 2022 ne ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya ke sa burin ya wadaci duk mai nau'i na ɗaya nan da 2030. Jira irin wannan ba tsari ba ne.

Ƙorafi na uku ya fi wuya: muna da masanan? Muna da su. Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokansa sun tattara binciken ƙasar nan a 2018 suka sami yawan masu ciwon ya kai kashi 5.77 cikin ɗari, kuma bambancin da suka gani tsakanin shiyyoyi ya isa ya hana mu aron alƙaluman wani gari mu ɗora wa Gurara. Abin da ya rage shi ne kuɗi da rajista. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon kwalba mai zaƙi, amma ba ta keɓe kuɗin ga lafiya ba. Wannan magana ce da wakilanmu a majalisa za su iya ɗauka. Kafin nan, kowace cibiyar lafiya a matakin farko a ƙaramar hukumar tana iya buɗe littafi guda: sunan mai ciwon, nauyinsa, hawan jininsa, halin ƙafarsa, inda yake ajiye allurarsa, har da sassaƙe ko shuwakar da yake haɗawa da maganin asibiti, wanda marasa lafiya da yawa ba sa faɗa wa likita sai an tambaye su ba tare da faɗa ba.