Jawabi Kan Baƙin Mai Da Sabulun 'Yan Makaranta

 

Maganar da muka zo da ita yau ta man suya ce, wato man nan da ya sha wuta har ya koma baƙi ƙirin a kaskon ƙosai da awara da kifi. Kowa ya sani mu nan ba a zubar da mai, ya yi tsada. Sai dai a tsiyaya sabo a kan tsoho a ci gaba da gashi. To amma masana lafiya sun nuna cewa man da aka yi ta maimaita suya da shi lalacewa yake yi, ya tara abubuwa masu illa ga jiki. Su wa ke cin soye-soyen nan in an fito tara? 'Ya'yanmu ne.

Shawararmu ita ce makarantun sakandaren da yaranmu ke zuwa su riƙa karɓar wannan mai, ɗalibai su mayar da shi sabulun wanki. Ba kyauta za a roƙa ba, don mai ƙosai ba za ta rabu da jarinta haka kawai ba, kuma tana da gaskiya. Musaya za a yi: kawo baƙin mai, karɓi sabulu.

Aikin ya fi ƙarfin malami guda. Malamin kimiyya shi zai nuna yadda soda ke narkar da mai ya zama sabulu, abin da wani Bafaranshe, Chevreul, ya bayyana tun 1823, wanda kuma yake cikin manhajar WAEC yaranmu na haddacewa ba su taɓa gani da ido ba. Malamin lissafi na da nasa: kilo 1 na man gyaɗa yana bukatar soda kimanin giram 136, man ja kuwa kimanin 141. In an gauraya su fa? Yaro ya zauna ya buga. Soda ta yi yawa sabulu ya ci hannu, ta yi kaɗan ya ƙi daskarewa. Malamin kasuwanci ya sa su fitar da kuɗin kowane sanda. Malamin Hausa kuma ya tura su wurin tsofaffinmu su rubuto yadda ake yin sabulun salo da ruwan toka, don wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu.

Iyaye mata, mun san abin da ke ranku, soda ba abar wasa ba ce. Lallai ne yaro ya sa safar hannu da tabarau, malami na tsaye. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa kan soda. Kada a kusanci tukunyar dalma, soda na cinta. Bokitin roba mai kauri ya isa. A tace man da kyalle, a dama, a zuba cikin mazubi, sannan a bar sabulun ya sha iska mako 4 zuwa 6 kafin a taɓa wanki da shi. Na wanki ne, ba na wanka ba.

Abin da muke nema daga ƙungiya kaɗan ne: sikeli mai auna giram, safar hannu, tabarau, da sodar zangon farko, sai mutum biyu da za su je su ga shugabannin makarantun. Mai niyya ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.