Sandunan sabis sun cika, amma murya na yankewa

Shirin yau na masu kafe ne da ɗalibai, da duk wanda ya taɓa yin kiran WhatsApp murya na zuwa guntu-guntu alhali sabis ya cika a waya. Da yawanmu a nan Birnin Kebbi in hakan ta faru sai mu gwada gudun intanet, mu ga megabit 20, mu ce ai lafiya lau. Ni kam ba lambar nan nake fara dubawa ba.

Muryarka ba a dunƙule take tafiya ba. Waya na yanka ta fakiti-fakiti, galibi ɗaya a kowane milisakan 20, wato fakiti 50 a daƙiƙa guda. In kowanne ya ɗauki milisakan 80 kafin ya isa, hira za ta tafi daidai. Inda ake samun cikas shi ne wannan ya ɗauki 60, na bayansa 300, na bayan wancan 70. Wannan hawa da saukar jinkirin shi injiniyoyi ke kira jita, ba dai jitar mawaƙa ba. Wayar wanda kake kira tana ɗan tara fakitocin kafin ta kunna masa su a jere, amma duk wanda ya makara da yawa sai ta yar da shi. Nan ne kalma ke ɓacewa. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya fi kyau kada ya wuce milisakan 150.

To me ke makarar da fakiti? Sau da yawa layin jira ne a cikin na'urarka. Kowace rauta da kowace MiFi na da ma'ajin da fakitoci ke jira in hanya ta cika, ana ce masa bafa. Ku ɗauka kamar wurin injin casar shinkafa ne: wani ya sauke buhu ashirin, sai ga yarinya da mudu ɗaya. In aka bi layi tsantsa, sai ta jira buhunan nan duka. Buhunan su ne bidiyon da wani ke ɗorawa a TikTok, mudun kuma muryarka ce. Ga lissafi: in gudun ɗorawarka megabit 1 ne, bafar kuma na ɗaukar kilobayit 250, da zarar ta cika duk sabon fakiti zai jira daƙiƙa 2. Wani injiniya a Amurka, Jim Gettys, shi ya yayata wannan matsala a 2010, wato kumburin bafa, bayan ya ci karo da ita a layin gidansa.

Awon ba shi da wuya. A kwamfuta mai Windows ka rubuta ping -t 8.8.8.8, ka bar shi minti ɗaya babu mai amfani da layin, ka lura da lambobin. Sai ka fara tura babban bidiyo ta layin ɗaya, kana kallo. In lambar ta tashi daga 70 zuwa 90, na'urarka lafiyarta ƙalau. In ta haura 600 ko 1,000, ka kama ɓarawon. A waya kuma, Speedtest da fast.com duk suna nuna jinkiri lokacin da layi ke ɗauke da kaya, mutane dai ba sa dubawa. A gwada da safe, a sake gwadawa bayan isha'i, a rubuta.

Mai kafe, kai ne maganar ta fi shafa, musamman lokacin da kwamfutoci goma ke kan layi guda. Kafin ka ƙara kuɗin data, duba rautarka. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel, daga nan aka samu fq_codel da CAKE, masu barin mai mudu ya wuce gaban mai buhu. Suna cikin OpenWrt, suna kuma cikin MikroTik mai RouterOS 7. Sai dai ka sa iyakar gudu kaɗan ƙasa da abin da ka auna, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, don layin jiran ya dawo cikin na'urar da kake iya juyawa. A 4G gudun na canzawa, saboda haka ka yi amfani da awon dare, lokacin cunkoso.

Akwai inda wannan dabara ba ta kai. Ranar kamun kifi a bikin Argungu, dubban mutane ne a bakin Matan Fada, kowa ya ɗaga waya yana watsawa kai tsaye. A nan layin jiran na kan ƙarfen sabis, ba a hannunka ba. Abin da ya rage maka shi ne rage nauyin kayanka: ka kashe ajiyar hotuna ta Google Photos, ka sauke ingancin bidiyon zuwa 480p, dogon bidiyo kuma ka ɗauka ka ajiye sai ka bar wurin.

Masu saurarenmu na Argungu, Kalgo da Birnin Kebbi, ku yi awon nan sau biyu, ku aiko mana da lambobin da sunan unguwa, za mu karanta su a shiri na gaba.