Jawabi A Kan Wanda Ya Tsorata Da Nutso

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da malamansu na ƙasar Gwandu, musamman na wajen Liba da Jega da Aliero da Maiyama, inda damina ke cika fadamu da tafkuna, Gulbin Zamfara kuwa ya bi ta gefen Jega.

Sau da yawa akan ga saurayi gwanin iyo, ran nan ruwa ya ja shi, ko taru ya sarƙe masa ƙafa, a tsamo shi da kyar. Daga ranar ba ya ƙara yarda ya tsoma kansa cikin ruwa. In kuwa ɗan masunta ne, to, abincinsa ne ya taɓu. Mutane sukan yi masa dariya, waɗansu su ce mutanen ruwa ne suka shafe shi, waɗansu ma su kama shi su jefa cikin zurfi, wai don tsoro ya fita. Wannan ganganci ne, ya kamata hakimai su hana. Wanda ya firgita yakan shaƙi ruwa, sa'an nan ya ƙanƙame mai cetonsa, su nutse tare.

Maganin abin sannu ne. A jira rani, sa'ad da ruwa ya ja baya ya kwanta. A kai shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, da babban mutum tsaye kusa da shi riƙe da gora. Ya tsoma fuska kaɗai, ya riƙa fitar da numfashi ta hanci a hankali, ya ɗago sa'ad da ya ga dama, kada kowa ya ƙidaya masa. In wannan ya zauna, ko da bayan mako guda ne, sai ya tsuguna ya ɗauko dutse daga ƙasa. Daga nan a matsa zuwa ƙirji. In kunne ya yi zafi, nauyin ruwa ne ke danna shi, sai ya toshe hanci ya hura kaɗan, kada da ƙarfi. Mai mura ya bar nutso sai ya warke.

Akwai wata al'ada ta samari wadda ta fi tsoron nan haɗari, watau yawan jan numfashi da sauri kafin a nutsa, don a daɗe a ƙasa. Abin da ke tilasta wa mutum ya taso shi ne gurɓatacciyar iska da ke taruwa cikin jininsa. In ya fitar da ita da gangan, sai iskar rai ta ƙare masa bai ji komi ba, ya suma a ƙarƙashin ruwa. Gwanaye ta fi kashewa. Saboda haka kada kowa ya yi nutso shi kaɗai, komi gwanintarsa.

A Argungu, inda aka soma bikin kamun kifi a 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, wasannin Kabanci, irin su nutso da kamun agwagwa, a gaban jama'a ake yinsu, ga jirage kusa. Haka ya kamata kowane gari ya yi. Hakimi ya sa Sarkin Ruwa, ko wani dattijo cikin masunta, ya zaɓi mashigi ɗaya mai yashi, marar rami, domin koyo. Malamin hakimi kuwa ya riƙa rubuta duk wanda ruwa ya ci ko aka tsamo, da wurin da watan, a karanta wa dagatai kafin ruwan fari.