Takarda Kafin Ƙarfi: Jawabi ga Taron Al'ummar Hausawa Mazauna Jidda



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu a wannan dare cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dattawanmu da shugabannin al'umma, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu mata da ke can ɓangarensu, sannunku da ƙoƙari. Baƙinmu da suka taso daga Makka da Madina da Ɗa'ifa, sannunku da hanya. Matasa kuma, ku matso kusa, don yawancin maganar taku ce.

An ce in yi magana a kan wahalar neman aiki. Da na ji haka sai na ce ai wannan karatu ne da kowa a zauren nan ya haddace. Babu gidan da ba a zaune da saurayi mai ƙarfi a jika, ya yi sallar asuba ya koma barci, don babu inda za shi. Babu wanda bai san magidancin da igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu ba, yana bin lungu saboda tsoron jawazat, jami'an shige da fice. To, tunda kowa ya san ciwon, bari mu tsaya a kan abin da ya kawo shi, da abin da ke hannunmu na magani.

Mu fara da tuna su wa muka gada. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da ƙafa. Mutum ya bar Kano ko Damagaram ko Sakkwato, ya ratsa Borno da Wadai da Darfur, ya yi noma a nan, ya yi dako a can, ya shekara biyar ko goma kafin ya ga Bahar Maliya a Sawakin. Bayan yaƙin Burmi a 1903, wasu suka yada zango a bakin kogin Nilu suka kafa garin Mai Wurno, wasu suka ƙetaro. Waɗanda suka iso sun ɗebi ruwa, sun yi wanki, sun yi gini, sun ɗauki kayan alhazai. Jarinsu biyu ne: ƙarfi da amana. Kuma jarin ya yi riba. Sunan Hausawi da kuke gani yau a asibitoci da ofisoshi, har da kyaftin ɗin da ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama Hausawi, daga zuriyar irin waɗannan bayin Allah ya fito.

Mu ma da muka zo a jirgin sama mun taras da sauran wannan zamani. Lokacin da na sauka Jidda, ɗan'uwa kawai zai riƙe hannunka ya kai ka wurin Balarabe ya ce, "Wannan ɗan garinmu ne, mai amana ne." Shi ke nan, gobe ka fara aiki. Ba wanda zai tambaye ka takarda.

'Yan'uwa, wannan kasuwar ta watse, kuma a gabanmu ta watse. A 2011 hukuma ta kawo tsarin Niɗaƙat, ta raba kamfanoni launi-launi gwargwadon yawan 'yan ƙasa da suka ɗauka. Wanda ya faɗa ja, ko sabunta takardun ma'aikatansa baƙi ba zai iya ba. A Nuwamban 2013 wa'adin gyara takardu ya cika, aka shiga kame, mutanenmu da dama suka bi ta tarhil, wurin tsare waɗanda za a kora, suka koma gida. A 2016 aka mayar da sayar da wayar hannu da gyaranta hannun 'yan ƙasa, sana'ar da ta riƙe yaranmu masu yawa. Daga Satumban 2018 aka bi shagunan tufafi, da kayan ɗaki, da kayan lantarki, da agogo, da kayan gyaran mota. A Yunin 2018 mata suka fara tuƙi, gidaje da yawa suka daina bukatar direba. Ga kuma kuɗin iyali da hukuma ke karɓa daga baƙi, wanda ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a Yulin 2017, ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 duk wata, wato 24,000 a shekara, kafin ya sayi ko buhun shinkafa. Shi ma kamfani yana biyan riyal 700 ko 800 a wata kan kowane baƙo da ya ɗauka. Ku sa kanku a matsayin mai kamfani: in har zai biya wannan kuɗi a kan mutum, wa zai zaɓa? Wanda zai yi aikin da kowa zai iya, ko wanda ya zo da abin da ba a samu a kusa?

Ban kawo waɗannan don in yi ƙorafi ba. Ƙasa tasu ce, kuma kowace hukuma 'ya'yanta take fara dubawa. Mu baƙi ne, an karɓe mu, mun sha ruwan Zamzam, mun binne iyayenmu a wannan ƙasa mai albarka. Abin da nake so mu gane shi ne kiɗa ya canza, mu kuwa har yanzu tsohuwar rawa muke takawa.

Bari in ba ku labarin kaina, don kada a ce ina faɗin abin da ban ɗanɗana ba. Na yi shekara goma sha ɗaya ina riƙe da lissafin wani kamfanin kayan masarufi. Ni na san abin da ya shiga sito, ni na san abin da ya fita, ni na san wanda ake bi bashi. Amma sana'ar da ke rubuce a igamata ita ce lebura. Ranar da aka ce duk mai aikin akanta sai ya yi rajista da hukumar akantoci, manaja ya kira ni ya ce, "Kawo shahadarka." Wato takardar shaidar karatu. Na ce ba ni da ita. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Aka kawo wani yaro sa'an ɗana, mai digiri, aka ce in koya masa aikin. Na koya masa tsakani da Allah, wata uku, sannan aka sallame ni. Ban riƙe yaron a zuciya ba, domin shi ya zo da abin da aka nema. Abin da ya hana ni barci shi ne tuna cewa na bar makaranta saura shekara biyu in gama, saboda ɗokin tafiya. Shekara biyun nan da na ƙi bayarwa ina saurayi, na biya su da shekara huɗu ina yawon neman aiki da furfura a gemu.

Ga yadda neman aiki yake a yau, ga wanda ya daɗe bai nema ba. Ba ka ganin mai kamfani. Ta intanet za ka cike takarda, kuma akwai gurbin da aka rubuta matakin karatu. In ka bar shi fayau, kwamfuta ce za ta ajiye ka gefe tun kafin idon ɗan'adam ya ga sunanka. Kwantiragi a manhajar Qiwa ake rubuta shi, sana'ar da ke igamarka kuma dole ta dace da aikin. Injiniya ba ya sabunta igama sai da rajistar hukumar injiniyoyi. Likita da nas da mai haɗa magani sai hukumar ma'aikatan lafiya ta tantance su, a aika har makarantar da suka yi a tambaya ko takardar gaskiya ce, sannan su zauna jarrabawa. Ko sauƙin da aka kawo a Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili, wato ubangidansa, ba, bai haɗa da direban gida da mai aikin gida da makiyayi ba. Ku duba da kyau: a nan ne mafi yawan mutanenmu suke.

Wani zai ce, "Alhaji, ai ga masu digirin nan suna zaune." Gaskiya ne, kuma ba zan rufe ku ba. Aikin akanta, da injiniya, da haɗa magani, da likitan haƙori, duk an ware wa 'yan ƙasa kaso a cikinsu, kuma kason ƙaruwa yake yi. Digiri ba ya ba da tabbacin aiki. Arziki na Allah ne. Amma ku lura da bambancin mutum biyu da aka sallama rana ɗaya. Mai takarda zai nemi wani kamfanin, in bai samu ba ya gwada Ƙatar ko Dubai, in ya koma gida ya nemi koyarwa ko aikin asibiti. Marar takarda in an rufe masa ƙofa ɗaya, duka aka rufe, kuma in ya koma gida bayan shekara ashirin, baƙo zai zama a garinsu. Gida za a rushe, kamar yadda muka gani da idonmu a unguwannin Karantina da Gulel da Sabil. Shago za a karɓe. Abin da ke cikin kai da takardar da ke shaidarsa su ne kayan da ake hawa jirgi da su ba a biya kuɗin awo ba.

Kuma akwai aikin da ya kamata a ce namu ne. Ƙasar nan ta sa wa kanta burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara nan da 2030. Najeriya kaɗai an ba ta kujerun Hajji 95,000 a 2023, ban da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. Huɗubar Arfa ana fassara ta da Hausa. Otal-otal, da kamfanonin alhazai, da asibitocin Mina, duk suna bukatar mai jin Hausa da Larabci. Yaronmu da aka haifa a unguwar Shara Mansur yana da harsunan nan biyu tun yana goye. In ya ƙara Turanci da shahada a kai, wa zai sha gabansa? Amma in babu shahadar, yana ji yana gani zai ƙare a tura keken tsofaffi, wani kuma yana ofis yana karɓar albashi da ilimin da bai kai nasa ba.

To, me za mu yi? Abu biyar nake roƙo.

Na farko, takardun yara. Yaron da ba shi da takardar haihuwa da fasfo zai sha wahala wajen shiga makaranta. Ƙaramin ofishin jakadancinmu yana nan cikin Jidda. Iyaye maza, wannan nauyi a wuyanku yake, kuma Allah zai tambaye ku.

Na biyu, kada a cire yaro daga makaranta saboda riyal ɗin da zai kawo a lokacin Hajji. Kuɗin lokacin Hajji wata biyu ne, jahilci kuwa na har abada. Wanda ya gama sakandare a nema masa gaba. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana ba baƙi gurbin karatu kyauta, kuma yanzu ban da Shari'a da Hadisi tana koyar da injiniya da kwamfuta. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Larabawa tana da reshe a nan Jidda ga mai iya biya. In nan ta gagara, a tura shi gida: ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Abdu Mumuni a Yamai. Kuɗin iyalin da kake biya a kansa na shekara ɗaya, riyal 4,800, zai yi nisa wajen karatunsa a can. Kuma 'ya'ya mata suna cikin wannan magana. Asibitocin ƙasar nan cike suke da nas-nas daga Filifin da Indiya, alhali 'ya'yanmu da suka iya gaida majinyaci da harshensa suna zaune a ɗaki.

Na uku, masu sana'ar hannu. Ba kowa ne zai je jami'a ba, kuma mai walda da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da mai haɗa wutar lantarki ba abin rainawa ba ne. Amma tun 2021 hukuma ta fara jarraba masu irin waɗannan sana'o'i tana ba su shaida. Ku je ku zauna jarrabawar, ku sa a gyara sana'ar da ke igamarku ta dace da abin da hannunku ya iya.

Na huɗu, ina roƙonku da girman Allah, ku guji takardar jabu. Akwai masu yawo suna cewa kawo kaza a buga maka digiri. Yanzu har makarantar ake tuntuɓa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ƙarshenta ɗauri da kora, da ɓata sunan duk Bahaushen da zai zo bayanka. Mai takardar gaskiya kuma ya sa a buga mata hatimin ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje da na ofishin jakadancin Saudiyya tun yana gida, kafin a nema.

Na biyar, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna tara kuɗi in an yi rasuwa, muna tarawa in an kama wani, muna tarawa don biki. Ina ba da shawara mu buɗe asusun karatu a daren nan, kowane magidanci riyal 20 a wata, a sa amintattu uku su riƙe, su riƙa karanta mana lissafi a kowane taro. Likitocinmu da injiniyoyinmu da malaman jami'a da ke cikin zauren nan, ku ba mu yamma ɗaya a wata, ku zauna da matasa ku nuna musu yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake amsa tambaya in an kira mutum ganawa. In kun ji gurbi a wurin aikinku, ku tuna da su.

Ku kuma 'yan'uwana magidanta da kuke ganin lokaci ya wuce, ni na koma aji ina da shekara arba'in da shida, ina zama kusa da sa'o'in 'ya'yana. Na ji kunya a makon farko, daga nan ta wuce. Da wannan takardar nake ci da iyalina yau. Gemu ba ya hana ilimi.

Kakanninmu sun ba da shekara goma na rayuwarsu a hanya don su kawo mu nan, ba su ce ta yi nisa ba. Tafiyar da ake nema a wurin 'ya'yanmu shekara huɗu ce. Mu raka su.

Takardar asusu tana wurin sakatare a bakin ƙofa, kuma sunana ne na farko a kanta. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya buɗa wa mai nema, ya fitar da waɗanda ke tsare, ya jiƙan magabatanmu. Allah ya zaunar da ƙasar nan da ƙasashenmu lafiya.