Darasin Rediyo: Rumbunan Kwamfuta da Sunayensu

Muna gai da malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu, maza da mata, na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Darasinmu na yau a kan ma'ajiyar kwamfuta ne. Manomi yana da rumbu, inda yake zuba hatsi. To, kwamfuta ma tana da nata rumbu, haka ma salula. A ciki ake ajiye wasiƙu, hotuna, murya da lissafi. Rumbunan nan iri-iri ne, kowane da sunansa. Sai ku buɗe kayenku, ku rubuta.

Na ɗaya shi ne diski mai ƙarfi, wanda ake rubuta wa HDD. Faya-fayai ne masu juyawa da sauri cikin ɗan akwatin ƙarfe. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da na farko a 1956. Nauyinsa ya kai wajen ton guda. Na yau bai wuce tafin hannu ba. Amma ba ya son faɗuwa, musamman in yana cikin aiki.

Na biyu shi ne SSD. Babu abin da ke juyawa a cikinsa. Don haka ya fi sauri, kuma ya fi jure girgiza.

Na uku faifai ne mai ƙyalli: CD, wanda ya fito a 1982, da ƙanensa DVD. Zafin rana da ƙarce suna ɓata su. Kafin su akwai disket, amma an daina aiki da shi.

Na huɗu shi ne kile, wato USB, ɗan ƙarami kamar yatsa. Ya shigo kasuwa a 2000.

Na biyar shi ne katin memuwar, wanda muke sa wa a salula. Bai wuce farce girma ba.

Yanzu sai awo. Hatsi da tiya ake auna shi. Abin da ke cikin kwamfuta kuwa da okte ake aunawa. Harafi ɗaya, kamar a ko b, okte ɗaya ne. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowane yakan ci okte biyu. Okte dubu, kilo ke nan. Kilo dubu, mega. Mega dubu, jiga. Jiga dubu, tera. Diskin 1956 bai wuce mega 5 ba. CD yana ɗaukar mega 700, DVD kuwa jiga 4,7.

Ga inda karatunku zai yi muku rana. In kun je sayen kile ko kati, ku karanta abin da ke bisa kwalin. In da Faransanci ne, za ku ga 16 Go. In da Ingilishi ne, kamar yawancin kayan da ke shigowa daga Najeriya, za ku ga 16 GB. Duk ɗaya ne: jiga 16. Ku yi hattara, akwai na jabu. An rubuta musu adadi mai yawa, amma cikinsu ƙarami ne. In sun cika, abin da aka zuba sai ya lalace. In kun ga kati babba da araha ƙwarai, ku sa a gwada shi tukuna.

Abu mafi girma shi ne wannan: babu rumbun da ba ya lalacewa. Gara tana cin na laka. Na kwamfuta kuwa ruwa, zafi, faɗuwa da tsufa ke kashe shi, sau da yawa ba sanarwa. Sakataren ƙungiyar manoma da ya sa sunayen masu bashin taki a kile ɗaya tak, ran da kilen ya mutu, wa zai ce nawa ake bin wa? Sai gardama ta shiga tsakanin 'yan'uwa. Saboda haka, duk abin da ke da muhimmanci, ku kwafe shi wuri biyu, ku ajiye su dabam-dabam. Lissafin kuɗi kuwa, ku rubuta shi a kaye ma. Kuma kada ku zare kile ana cikin zuba masa abu.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Ku faɗi sunayen rumbunan nan biyar.
2. Mega nawa ke cikin jiga ɗaya?
3. Don me ake ajiye abu wuri biyu?

Ƙarshen darasinmu ke nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.