Masara Mai Gina Jiki: Yadda A Ke Gane Ta

Maganar auduga ta tara mu a Njamena, amma yau ta masara za mu yi, gama ba a tuƙa tuwo da auduga.

Masarar da muka saba da ita tana cika ciki, amma abin gina jikin da ke cikinta, watau furotin, ya gaza wajen sinadari biyu, laisin da tiriftofan. Yaron da aka yaye da kununta kaɗai ba ya girma sosai.

A 1964 masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka bayyana wata masara mai sinadaran nan kusan ninki biyu. Sai dai ƙwayarta taushi gare ta, ƙwari na cinye ta a rumbu. Aka yi shekaru ana gyaranta a Meziko.

Ga yadda masanan ke zaɓe. A kan baza ƙwayoyi bisa gilashi, da fitila a ƙarƙashi. Wadda haske ya ratsa sarai a ture ta gefe, wadda ta yi duhu duka ma haka, a ɗauki ta tsakani. Sa'an nan a niƙa, a cire mai, a zuba wani magani. Gwargwadon kamun launi, gwargwadon tiriftofan ɗin ke nan. Ta wannan hanya aka sami irin da a ke kira Obatanpa a Gana a 1992.

To, ku lura, ido ba ya rarrabe ta da sauran masara. Kadan kun sami irin, ku shuka shi nesa da wata masara, domin iska na kawo ƙurar furen ta maƙwabci, amfanin ya ɓace. In za ku ajiye iri, ku ɗebo daga tsakiyar gona.