Awon Igiya da Hanyar Ruwa



A cikin ganuwar Kano, ramukan da magabata suka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne kududdufanmu, masu tare ruwan damina kafin ya gangara rafin Jakara. Yau ana cike su da shara, a yi awon igiya, a sayar. Kowa na ɗaga dandamalinsa sama da na maƙwabci. Lungu ko Adaidaita Sahu ba ta shiga, balle motar kashe gobara. Ruwan Agusta sai ya faɗa ɗakin talakan da ke gangare.

Hukumar tsara birane ta KNUPDA, a fitar da titi da magudanar ruwa, a daidaita gangaren ƙasa kafin yanka fili. Masu unguwanni, don Allah kada ku shaida cinikin filin da ba shi da hanya.